Kamshaf 264 ko 272 ga Supra turbo ta 1989 a titunan Legas?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum iyayen gida. Shawara nake nema a kan Toyota Supra ta 1989, mai injin 7M-GTE da giyar hannu R154. Turbo ɗinta na kamfani ne, CT26, nozul ma na kamfani, ƙwaƙwalwar motar ba a taɓa ta ba. Abin da aka canza kawai salansa ce mai inci 3 daga bayan turbo, sai matsin iska da aka ɗaga zuwa psi 10. Motar tana ja sosai daga rpm 3,000, amma da ta wuce 5,500 sai ta yi sanyi kamar an riƙe ta. Na ga kamfanin Brian Crower suna da kamshaf na wannan injin, wato sandar da ke buɗe bawul, mai digiri 264 da mai 272 na tsawon buɗewa. Wanne ya dace? Motar ta hawan yau da gobe ce, daga Agege zuwa Ikeja da Island, da AC a kunne, sai fita babbar hanya jefi-jefi. Kuma me da me zan saya tare da kam ɗin don kada a kwance injin sau biyu?

Injiniya Idi Araba:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sanyin nan da kake ji bayan 5,500 ba laifin kamshaf ba ne, numfashin CT26 ne ya ƙare. Toyota da kanta a rpm 5,600 ta rubuta ƙololuwar ƙarfin wannan injin, doki 232, ƙarfin juyi kuma yana cika tun 3,200. Haka aka gina shi: ƙaramin turbo mai tashi da wuri. Ka sa masa 272 a wannan hali, za ka rasa ƙasa, saman ma ba za ka samu ba.

Bari in faɗaɗa dalilin, domin a nan yawancin masu saye suke zubar da kuɗinsu.

Dogon kam yana ƙara lokacin da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare, a ƙarshen fitar hayaƙi da farkon shaƙar iska. A injin da ba turbo, wannan haɗuwar alheri ce, hayaƙin da ke fita yana janyo sabuwar iska a bayansa. A injin turbo kuwa sai ka tambayi wane ɓangare ya fi matsi. Tsakanin bawul ɗin fita da farfelar turbo akwai matsin hayaƙi, kuma a ƙaramin turbo irin CT26, idan aka matsa masa a sama, wannan matsin yana iya ninka na iskar shiga. Ma'auninka yana nuna psi 10, bayan bawul ɗin fita yana iya kaiwa 20. To idan ƙofofin biyu suna buɗe, ina hayaƙin zai nufa? Cikin silinda zai dawo, wani ma har cikin hanyar shiga. Hayaƙi mai zafi ya cinye gurbin iska mai sanyi, ƙarfi ya ragu, zafin cikin silinda ya hau, fetur ya fara fashewa kafin lokacinsa. Wannan fashewar ita ke cin bakin fistan da gasket ɗin tof.

Lissafin haɗuwar ba shi da wuya. Ka haɗa tsawon buɗewar kam biyu ka raba biyu, sannan ka cire ninkin tazarar da ke tsakanin tsakiyar tozon shiga da tsakiyar tozon fita (tozo shi ne ƙullutun jikin kam da ke danna bawul). Kam 264 da 264 a tazarar digiri 112 zai ba ka 40. Ka buɗe tazarar zuwa 116, ya koma 32. Kam 272 a tazarar 110 kuwa 52 ne. Wannan bambancin na digiri 20, daga 32 zuwa 52, shi ne tsakanin motar da ke tsayawa lafiya a silo da AC, da wadda ke karkarwa tana neman mutuwa a kowace danja.

Abu na biyu, dogon kam yana jinkirta rufe bawul ɗin shiga, fistan ya riga ya fara hawa yana mayar da wani kaso na iskar waje. Injin nan matsewar da fistan ke yi wa iska 8.4 zuwa 1 ce kawai, da ma can ba shi da kuzari kafin turbo ya tashi. A gosulon Oshodi ko Third Mainland, inda ƙafarka take tsakanin kuloci da birki, injin yana rpm 900 zuwa 2,000, nan ne za ka ji motar ta zama raguwa. Tsotson iska a silo ma yana raguwa, kuma da shi busta ɗin birki take aiki. Ka taka sau uku a jere a cikin cunkoso, na huɗu ya yi tauri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ɗanfo ke yanko maka gaba ba sigina.

Kuma kar lambar 264 ko 272 ta ruɗe ka, lambar talla ce. Kowane kamfani da inda yake fara ƙirga buɗewar. Abin da ake kwatantawa shi ne tsawon buɗewa a ɗagawar inci 0.050, wato milimita 1.27, yadda Amurkawa suke rubutawa, ko a milimita 1 yadda Japanawa suke yi. Kam biyu duka an rubuta musu 264 suna iya bambanta da digiri 10 ko fiye a wannan ma'auni. Ka nemi takardar kam ɗin kafin ka biya ko sisi. Mai sayarwar da ba shi da takarda, ka bar masa kayansa.

A taƙaice, da CT26 na kamfani, kam na kamfani ya fi maka.

Oga Makaniki Ladipo:

Injiniya ya gama magana a kan iska. Ni tambayata ɗaya ce, Alhaji: yaushe rabon da a duba gasket ɗin tof? Duk wanda ya san 7M ya san ciwonsa. Daga kamfani an ɗaure ƙusoshin tof a Nm 78, abin da ya yi kaɗan, shi ya sa masu gyara suke kaiwa kusan Nm 98. Kai kuma ka riga ka ƙara matsi zuwa psi 10 a kan injin da ya fito da wajen 7, a zafin Legas.

Kafin a yi zancen kam, a gwada matsin silinda shida, injin da ɗumi, totur a buɗe, an cire fulogi duka. Littafin Toyota ya ba da psi 142 ga mai turbo, mafi ƙaranci 128, kuma kada bambanci tsakanin silinda ya wuce 14. Sannan a gwada ruwan lagireto da maganin nan mai canza launi idan hayaƙi yana shiga ruwa. Alamomin da ake gani da ido: robar ajiyar ruwa tana cika tana ambaliya bayan an taka mota, ƙarar ruwa a bayan dashbod da safe, allurar zafi tana hawa tana sauka. Silinda ta shida, wadda ke can ƙurya kusa da bango, ita ta fi saurin nunawa.

Idan za a buɗe tof, a yi aikin sau ɗaya: gasket na ƙarfe, ƙusoshin ARP, a ɗaure su da man shafawarsu a kan lambar da takardarsu ta ce, ba lambar Toyota ba. Gasket na ƙarfe ba ya yafe kaushi. Dole a wanke fuskar tof da ta bulok duka, wato a ɗan sassaƙe su a inji, su yi sumul. Kuma a kai bulok ɗin wurin mai inji tare da murfin taimin na ƙasa a ɗaure a jikinsa, a wanke su tare. Idan aka manta, murfin zai fi bulok tsawo da ɗan kaɗan, tof ya zauna a kansa, gasket ya ƙi kamawa a gaba, baƙin mai ya riƙa tsiyaya. Kuskuren nan ya mayar da injuna da yawa kan benci.

A duba matsin baƙin mai ma da ma'auni na hannu. 7M yana da tafiyar fistan milimita 91, doguwa ce. A rpm 7,000 fistan yana gudun sama da mita 21 a daƙiƙa, kuma metal ɗin kwanrod na wannan injin ba ya son haka, balle idan mai ya yi ƙasa. Kam 272 yana ba da amfaninsa ne a inda tsohon gindin injin ba ya son zuwa.

Ɗan Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. An canza gasket shekara biyu da suka wuce, na ƙarfe ne da ARP, matsin silinda tsakanin 138 da 145. Da ma ina da niyyar canza turbo nan gaba, burina doki 350 zuwa 400. Idan haka ne, 264 zai shiga? Kuma ƙwaƙwalwar kamfani za ta ɗauka?

Mai Kwamfuta Obalende:

To yanzu magana ta canza, Alhaji. A nan zan ɗan saɓa da Injiniya, ba a kan dalilinsa ba, a kan inda za a tsaya. Idan turbo ya girma, musamman ɓangaren hayaƙinsa, matsin bayan bawul ya sauko kusa da na shiga, 264 yana da riba ta gaske: ƙarfin da ke faɗuwa a 5,500 zai riƙe har 6,500, kuma za ka samu dokin da kake so da ƙaramin matsi. Da fetur ɗinmu wannan babban abu ne. Sai dai a lura, CT26 da aka ƙara wa farfelar iska kawai, irin wanda ake kira 57 trim, gidan hayaƙinsa yana nan yadda yake, don haka maganar Injiniya tana nan a kansa. Doki 350 kam na kamfani yana kaiwa ba tare da wahala ba. Daga 400 zuwa sama ne 264 yake fara biyan kuɗinsa. 272 kuwa ka cire shi daga lissafi ga motar da ke kwana a gosulo.

Game da ƙwaƙwalwa. 7M-GTE yana auna iska da na'urar Karman, wadda ke ƙirga guguwar da iska ke yi idan ta wuce wani ɗan ginshiƙi a cikin bututu. Na'urar ba ta san gaba da baya ba. Dogon kam yana sa iska ta riƙa bugowa baya a silo, sai ta ƙirga iska ɗaya sau biyu, ƙwaƙwalwa ta zuba fetur fiye da kima. Sakamakon: fulogi baƙi ƙirin, warin fetur a salansa, mota tana mutuwa idan ka saki totur ka taka kuloci, musamman lokacin da kwampresar AC ta kama. Da 264 a tazara mai faɗi ana iya lallaɓawa. Da 272 sai wahala.

Akwai kuma iyakar da ƙwaƙwalwar kamfani ta sa: idan iskar da ta auna ta wuce wani adadi sai ta yanke fetur, yawanci wajen psi 11 zuwa 12. Iska take ƙirgawa, ba matsi ba, don haka kam ɗin da ya ƙara numfashi zai sa ka buga wannan bangon tun kafin ka kai inda kake kaiwa yanzu. Tsohuwar dabara ita ce a sa gidan ma'aunin iska na Lexus LS400 tare da nozul cc 550 a madadin 440 na kamfani, domin dukansu sun fi na asali da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sai lissafin ya daidaita. Tana aiki, amma ba ta ba ka ikon taɓa lokacin wuta yadda kake so. Tunda burinka 400 ne, ka tafi kai tsaye ga ƙwaƙwalwa mai zaman kanta wadda ke auna matsi a cikin manifol, irin Haltech, Link ko ECUMaster, a cire na'urar Karman gaba ɗaya. A ɗaga silo zuwa rpm 850 ko 900, a ƙara masa iska da ɗan lokacin wuta duk sa'ad da AC ta kama.

Fetur kuma a yi saitinsa da abin da ke gidan mai, ba abin da ake gani a bidiyon Turai ba. Namu ma'aunin juriyarsa ga fashewa, wato RON, 91 ne, masu saitin can da 98 suke aiki, kuma daga wannan gidan mai zuwa wancan ba tabbas. Famfon fetur Walbro 255 da sabuwar waya mai kauri ta hanyar rile, sabuwar matatar fetur, ma'aunin cakuɗa mai faɗin zango a gaban direba. A cikin matsi cakuɗar iska da fetur ta tsaya wajen 11.5 zuwa 1, a ja lokacin wuta baya da digiri biyu ko uku daga inda aka fara jin ƙarar fashewa. A yi saitin da rana tsaka, bayan mota ta daɗe a tsaye intakula ya sha zafi, domin a wannan halin ne za ka fito daga gosulo ka taka ta.

Malam Mai Tof Mushin:

Tunda an karkata ga 264, ga abin da aikin yake buƙata a kan benci, ƙanena.

Kayan da za a haɗa kafin a kwance: kam biyu da takardarsu, sifirin bawul 24 da kamfanin kam ɗin ya ce, robar wuyan bawul 24, giyar kam mai saiti guda biyu, sabon taimin bel da abin ɗamewarsa, sil na gaban kam biyu, gasket ɗin murfi, man shafa kam, da shim iri-iri. Sifirin da ya shekara talatin da ɗoriya ya gaji. Tozo mai saurin hawa zai sa bawul ya riƙa tsalle a sama, kuma a wannan injin shim, ɗan faifan ƙarfen da ake daidaita tazarar bawul da shi, yana zaune ne a saman bokitin da ke rufe kan bawul, ba abin da ya riƙe shi sai ɗan gefe. Bawul ya yi tsalle, tozo ya doki bakin shim, shim ya fice, ya farfasa tof. Shi ya sa duk kam mai ɗagawa sosai ake komawa bokiti mai shim a ƙasa ko marar shim.

A tambayi mai sayarwa: sabon ƙarfe ne aka sassaƙa, ko tsohon kam aka sake wasawa? Wanda aka sake wasawa an rage masa gindin tozo ne don a samu ɗagawa, tazarar bawul za ta buɗe sosai. Shim na Toyota daga milimita 2.50 yake zuwa 3.30, ana hawa da 0.05. Idan gindin ya ragu har 3.30 bai cike ba, an shiga neman shim na musamman, kuma ba abu ne da za ka shiga layin Ladipo ka ɗauko ba. Na hannu da aka cire daga wata mota kuma, a sa farce a kan kowane tozo. Idan farce ya kama, ko ƙololuwar ta yi fari-fari da ramuka, ya mutu. A auna tsawon tozo goma sha biyun da maikromita, su zo ɗaya.

Tazarar bawul a injin sanyi, a littafin Toyota: shiga 0.15 zuwa 0.25, fita 0.20 zuwa 0.30. Idan takardar sabon kam ta ba da wata lamba, ita za a bi. Lissafin shim: kaurin tsohon shim, a ƙara masa tazarar da aka auna, a cire wadda ake so. Misali bawul ɗin shiga, shim 2.85, an auna 0.32, ana son 0.20, ya ba da 2.97. A sa 2.95, tazara ta koma 0.22. A zana tebur mai gida 24 a kwali, a rubuta kowanne, kada a dogara da ka. A ɓangaren fita gara a karkata ga sakwa-sakwa da a matse, domin bawul ɗin fita a injin turbo yana miƙewa da zafi, idan bai zauna daram ba sai ya ƙone. Shim ɗin da tsohon kam ya yi wa zane kada a sa shi ƙarƙashin sabon tozo.

Aunawa uku ba a tsallake su. A cikakkiyar ɗagawa, a bar aƙalla milimita 1.5 kafin zoben sifirin su haɗe. A bar kamar haka tsakanin hular sifirin da robar wuyan bawul. Na uku, tsakanin bawul da fistan: milimita 2 a shiga, 2.5 a fita. Ana cewa 7M ko bel ya tsinke bawul ba ya taɓa fistan. Wannan gaskiya ne da kam na kamfani a tof da ba a wanke ba. Naka an wanke, ga ƙarin ɗagawa, don haka a auna. A juya sabon kam da hannu a cikin tof ba bokiti, a tabbata tozo bai gogi gefen ramin bokiti ba.

Murafun kam suna da lamba da kibiya, kowanne ya koma gidansa. A ɗaure su kaɗan-kaɗan a zagaye uku zuwa Nm 20. Wanda ya ɗaure gefe ɗaya har ƙarshe alhali tozo yana danne da sifirin a ɗaya gefen, kam na iya karyewa biyu a hannunsa. Ƙusar giyar kam Nm 49.

Tashin farko shi ke yanke wa kam tsawon rai. A shafe kowane tozo da shim da man kam. A sa baƙin mai mai yawan zinc, irin 20W-50 ko 15W-40, ba siririn man motocin zamani da aka rage wa zinc ba. A cire fiyus ɗin EFI a juya injin har matsin mai ya hau, sannan a tayar. Da ya kama, a kai shi rpm 2,000 zuwa 2,500, ana ɗan hawa ana sauka, minti 20, ba a barinsa a silo, domin a silo mai ba ya fantsama sosai kuma tozo yana gogar shim da ƙarfi. A ajiye fanka a gaban lagireto. Bayan nan a zubar da man da matatarsa, a sake auna tazara bayan kilomita 1,000.

Injiniya Idi Araba:

Na yarda da Mai Kwamfuta, muddin turbo da ƙwaƙwalwa suka riga kam shiga. Abu ɗaya zan ƙara a kan giyar saiti da Malam ya lissafa, don kada a ɗauka ado ce.

Duk abin da aka wanke daga tof da bulok, wanda kaurin gasket bai mayar ba, ya rage nisa tsakanin kam da kiranshaf, kuma hakan yana mayar da kam biyun baya. Alamar kamfani ba za ta ƙara faɗin gaskiya ba. A ɗaura faifan digiri a kiranshaf, a nemo ainihin ƙololuwar fistan na ɗaya da abin tsayar da fistan, a sa agogon aunawa a kan bokiti, a kawo tsakiyar kowane tozo inda takarda ta ce. Nan ne sifili na gaskiya, a yi masa alama da fenti. Daga nan, idan silo bai kwanta ba, a tura kam ɗin fita gaba da digiri 1 ko 2 a jikin giya. A tuna digiri 1 a giyar kam digiri 2 ne a kiranshaf, kuma duk motsi yana canza tazarar bawul da fistan, don haka tun a kan benci a auna iyakar da za a iya kaiwa ta kowane gefe.

Na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa matsayin injin a 7M-GTE kam ɗin fita ne yake juya ta. Ka motsa wannan kam da digiri 2, lokacin wuta ya motsa da digiri 4 ba tare da kowa ya sani ba, kuma gaba ya tafi, wajen fashewa. Bayan kowane saiti sai an dawo da fitilar taimin. A ƙwaƙwalwar kamfani a haɗa T da E1 a akwatin gwaji, a mayar da shi digiri 10 kafin ƙololuwa. A mai zaman kanta a kulle lokacin wuta a kwamfuta a kan lamba ɗaya, a juya na'urar har abin da fitila ta nuna a kan fuli ya yi daidai da abin da ke kan allo.